Tari: wanda ke wucewa da wanda ba ya jira

1. Mene ne tari?

Babu gidan da ba a taɓa jin tari cikinsa ba. Jinjiri yana tari, tsoho yana tari, har jaki da akuya suna yi. Lokacin hunturu, in buji ya rufe gari, rabin ƴan aji su kan zo makaranta da tari. Saboda yawansa mutane ba su cika kula da shi ba. Sai su ce: "Tari ne kawai, zai wuce." Sau da yawa gaskiyarsu ce. Amma akwai tarin da ke kashe ƙaramin yaro cikin ƴan kwanaki, akwai kuma wanda ke cin babban mutum sannu-sannu har ya kwantar da shi. Ya kamata kowane ɗan makaranta ya iya rarrabe su.

Iskar da mutum ya shaƙa tana shiga ta hanci, ta bi maƙogwaro, ta gangara cikin ƙirji. Can sai hanyar ta rabu biyu: reshe ɗaya ya nufi huhun dama, ɗaya ya nufi na hagu. Kowane reshe ya yi ta rarrabuwa kamar rassan gawo, har su ƙare da waɗansu ƴan jakunkuna ƙanana ƙwarai. A cikinsu ne jini ke karɓar iska mai kyau, ya saki gurɓatacciya.

Cikin waɗannan hanyoyi akwai majina mai yauƙi wadda ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta. Akwai kuma ƴan gasu ƙanana da ido ba ya gani, suna share majinar zuwa sama dare da rana. In datti ya fi ƙarfinsu, ko wani abu ya sosa hanyar, sai mutum ya ja numfashi mai yawa, bakin maƙogwaro ya rufe, naman ƙirji da na ciki su matse, sa'an nan bakin ya buɗe farat ɗaya. Iska ta fito da ƙarfi, ta kwaso dattin. Wannan shi ne tari.

Ke nan tari tsintsiyar huhu ne. Alama ce cewa wani abu yana damun hanyar numfashi. Abin nema shi ne abin da ya tada shi.

2. Abubuwan da ke kawo tari

Ƙura da hayaƙi. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, ta busar da hanci da maƙogwaro. Matan da ke sussuka da shiƙa suna shaƙar ƙaiƙayin hatsi. Mai dafuwa da kara ko icce ko kashin shanu cikin ɗaki marar taga tana shan hayaƙi, ita da goyonta. Taba sigari kuwa tana kashe ƴan gasun nan masu shara. Shi ya sa mashayin taba ya kan tashi da tari kowace safiya, waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi ma ba su tsira ba.

Mura. Ita ce ta fi yawa. Hanci yana yoyo, ana atishawa, maƙoshi yana ƙaiƙayi, wani lokaci da ɗan zazzaɓi. Ƙwayar cutar da ke kawo ta, wadda a ke kira birus, jiki da kansa ke kashe ta. Cikin sati ɗaya ko biyu mutum ya kan warke.

Ciwon huhu. Wasu na ce masa ciwon haƙarƙari, ko limoniya. A nan ƙwayoyin cuta sun gangara har cikin ƴan jakunkunan huhu, sun cika su da ruwa da mugunya. Iska ta rasa wurin shiga, sai yaro ya riƙa numfashi da sauri don ya samu abin da zai ishe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 wannan ciwo ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 fiye da dubu 700 a duniya.

Tarin fuka. Wasu na ce masa tibi. Shi ba ya gaggawa. Mutum ya yi ta tari sati da satittika, yana rama, abinci ba ya yi masa daɗi, yana zazzaɓi da marece, yana zufa cikin dare, wani lokaci ya ga jini cikin kakinsa. A da mutane suna cewa sammu ne, ko gado ne. Ran 24 ga Maris 1882, a birnin Berlin na Jamus, wani likita mai suna Robert Koch ya bayyana cewa ya ga ƙwayar da ke kawo shi cikin madubin ƙara girma. Ita wannan ƙwaya ta iska ta ke bi: marar lafiya ya yi tari, ta fito cikin ƴan ɗigon yawu, ta yi ta yawo cikin ɗaki, wani ya shaƙa. A shekarar 2023 mutane fiye da miliyan 10 su ka kamu da tarin fuka a duniya, fiye da miliyan 1 su ka rasu.

Tarin shiƙa da ƙyanda. Yaro mai tarin shiƙa ya kan yi tari a jere babu hutu, har ya shiƙe, sa'an nan ya ja numfashi da ƙara kamar carar zakara, sau da yawa ya yi amai. Ƙyanda, wato baƙon dauro, tana farawa da zazzaɓi da tari da jan ido kafin ƙuraje su fito, kuma ta kan buɗe wa ciwon huhu ƙofa.

Asma. Hanyoyin iska na mai asma su kan tsuke in ya shaƙi ƙura ko hayaƙi ko iska mai sanyi. Sai a ji ƙirjinsa yana fito, yawanci cikin dare. Asma ba ta yaɗuwa daga wani zuwa wani.

Abin da ya maƙale. Ƙaramin yaro yana wasa lafiya lau, da gujiya ko dutsen ado a baki, sai tari ya sarƙe shi nan take. Wataƙila abin ya faɗa hanyar iska. Ko da tarin ya lafa, a kai shi likita a ranar.

3. Ƙirga biyu masu ceton rai

Ba sai mutum ya zama likita ba kafin ya gane tari mai hatsari. Abu biyu zai ƙirga: numfashi da kwanaki.

Ƙirgar numfashi ta ƙananan yara ce. A bari sai yaro ya natsu, ba ya kuka, ba ya shan nono. A ɗaga rigarsa, a dubi cikinsa da ƙirjinsa. In sun tashi sun sauka, ɗaya ke nan. A ƙirga har minti ɗaya cif, da agogon hannu ko na salula. In ana shakka a sake. Numfashi ya yi sauri in ya kai:

60 ko fiye, ga jinjirin da bai cika wata 2 ba;
50 ko fiye, ga ɗan wata 2 zuwa wata 11;
40 ko fiye, ga ɗan shekara 1 zuwa shekara 5.

Yaro mai tari wanda numfashinsa ya kai wannan adadi, a ɗauka ciwon huhu gare shi. A ranar za a kai shi gidan likita.

Akwai kuma alamun da in an ga ko ɗaya daga cikinsu ba a jiran wayewar gari:

ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki in yaro ya ja numfashi;
yaro ya kasa shan nono ko ruwa;
yana aman duk abin da ya shiga cikinsa;
yana farfaɗiya, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai;
numfashinsa yana ƙara ko gurnani alhali yana kwance shiru;
leɓunansa ko harshensa sun yi duhu.

Ƙirgar kwanaki ta kowa ce, babba da yaro. Tarin da ya wuce sati 2 ba a ƙara ce masa mura. A je a gwada kaki. Wanda ya ga jini cikin kakinsa kuwa, ba zai jira sati 2 su cika ba.

4. Ɗalibar da ta ƙirga

A wani ƙauye na jihar Maraɗi, wata ɗalibar aji biyar ta komo daga makaranta da marece. Ta tarar da ƙanenta ɗan wata 8 kwance kan cinyar uwarsu. Kwana uku ke nan yana tari, jikinsa da zafi. Kakarsu na zaune gefe tana cewa:

"Beli ne ya sauko masa. Gobe da sassafe a kira wanzami ya cire, ya huta."

Yarinyar ta durƙusa kusa da uwarta, ta ce: "Inna, ki bari in duba numfashinsa."

Ta roƙi babanta agogonsa, ta ɗaga rigar yaron, ta ƙirga. Ta samu 58. Ta sake, ta samu 60. Sai ta ce:

"Baba, malaminmu ya ce ɗan wata 8 in ya kai 50 ciwon huhu ne. Ga shi ya wuce. Dubi kuma yadda nan ƙasan haƙarƙarinsa ke shiga ciki."

Kaka ta ce: "Ke ƴar nan, yaushe a ka haife ki? Da beli na reni ubanki."

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta ce: "Haka ne, Kaka. Amma a yi haƙuri a fara kai shi likita. In sun ce ba kome, ai wanzami yana nan."

Uban ya daɗe yana duban ƙirjin ɗansa. Can sai ya tashi ya ɗaura wa jaki amalanke. Kafin isha'i sun isa gidan likita. Ma'aikacin lafiya ya ƙirga numfashin yaron, ya saurari ƙirjinsa, ya ce wa uwar:

"Malama, kun kyauta da ba ku kwana ba. Ciwon huhu ne. Ga magani, safe da dare, kwana biyar. Ko kin ga ya samu sauƙi kada ki tsaida. Ki ci gaba da ba shi nono. In ya kasa sha, ko numfashin ya ƙara tsanani, ku dawo ko da tsakar dare ne."

A kwana na uku zazzaɓi ya sauka. A kwana na biyar yaron yana rarrafe tsakar gida, belinsa yana nan inda Allah ya halicce shi.

Beli ɗan nama ne da kowa ke da shi a ƙarshen ganda. Ba shi ke kawo tari ba. Yanke shi yana iya jawo zubar jini, da ciwon tetanus mai sandarar da jiki, ya kuma hana jinjiri shan nono lokacin da ya fi bukatarsa.

5. Abin da a ke yi a gidan likita

Da farko likita tambaya ya ke yi. Yaushe tarin ya fara? Busasshe ne ko da kaki? Wane launi kakin ya ke? Akwai zazzaɓi? Akwai mai irin wannan tari a gida? An yi wa yaron allurar rigakafi? Saboda haka a tafi da katin awon yaro, a kuma faɗi gaskiya, har da maganin da a ka riga a ka sha.

Sa'an nan ya auna zafin jiki da nauyi, ya ƙirga numfashi, ya sa abin sauraren ƙirji. Wani likitan Faransa mai suna Laennec ne ya ƙago wannan abu a shekarar 1816, a birnin Paris. Takarda ya fara naɗewa kamar bututu, ya ɗora baki ɗaya kan ƙirjin marar lafiya, ya kara kunnensa a ɗayan. Huhu mai lafiya da huhu mai ruwa ba ƙara ɗaya su ke yi ba.

In ana zaton tarin fuka, sai a ba mutum ɗan gwangwani mai murfi ya tofa kaki. Kakin da ya fito daga ƙirji a ke so, yawun baki ba ya amfani. A duba shi cikin madubin ƙara girma, ko a sa shi cikin wata na'ura mai suna GeneXpert. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan na'ura a shekarar 2010. Cikin kamar awa 2 ta kan nuna ko akwai ƙwayar, har ta faɗi ko ƙwayar tana jin babban maganin tarin fuka ko ba ta ji. A manyan asibitoci, kamar na Yamai da Damagaram da Maraɗi da Tawa, ana ɗaukar hoton ƙirji don a ga huhun kansa.

6. Magani

Kowane tari da nasa magani. Wanda ya warkar da maƙwabci ba lalle ya warkar da kowa ba.

Tarin mura a gida a ke jinyarsa. A sha ruwa da kunu mai ɗumi da yawa, don majina ta yi laushi. A ci abinci, a huta, a nisanci hayaƙi. Ruwan ɗumi da zuma da lemun tsami yana sanyaya maƙoshi. Amma ba a ba jinjirin da bai cika shekara 1 ba zuma, don tana iya ɗauke da wata ƙwaya mai shanye jikin jarirai. Shi nonon uwa ya fi masa kome. In hancinsa ya toshe, a share masa kafin ya sha nono. Kafso da allura ba su kashe birus ɗin mura, asarar kuɗi ce kawai.

Ciwon huhu yana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, kamar amoksisilin. Likita ne ke faɗin yawansa bisa shekarun yaro da nauyinsa. In ciwon ya yi tsanani sai a kwantar da yaro asibiti, a yi masa allurai, a sa masa iskar oksijin. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta yanke cewa a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati.

Tarin fuka yana warkewa. Yawanci wata 6 a ke shan magani kullum: wata 2 na farko iri huɗu a haɗe, wata 4 na baya iri biyu. A Nijar kyauta a ke ba da shi. Ɗaya daga cikin magungunan yana mai da fitsari ja, wannan ba abin tsoro ba ne. Babban hatsari yana zuwa bayan wata ɗaya ko biyu. Tari ya lafa, jiki ya fara murmurewa, sai mutum ya ce ya warke, ya ajiye magani, ya tafi gona ko cin rani. Alhali ƙwayoyin da su ka fi taurin kai ba su mutu ba. In su ka farfaɗo suna iya ƙin jin maganin farko, jinya ta ƙara wuya, kuma irin wannan ƙwaya mai taurin kai zai raba wa iyalinsa. Likita kaɗai ke cewa an warke, bayan ya sake gwada kaki.

Mai tarin fuka ba abin gudu ba ne. Ba a ɗaukar ciwon ta gaisawa ko ta ƙwaryar abinci. In ya yi ƴan satittika yana shan magani daidai, yaɗa ciwon yana raguwa ƙwarai. Abin da ya ke bukata shi ne abinci mai kyau, da wanda zai riƙa tuna masa magani kowace safiya. Mutanen gidansa kuma, musamman ƙananan yara, a kai su a duba su.

Mai asma ana ba shi maganin shaƙa mai buɗe hanyoyin iska. Ya riƙa yawo da shi, har makaranta.

Magungunan da a ke talla a kasuwa bisa faranti, cikin rana da ƙura, ba a san asalinsu ba, ba a san ko sun lalace ba. Ruwan maganin tari mai sa barci kuwa hatsari ne ga yara: yana danne tari, dattin ya zauna cikin huhu.

7. Rigakafi ya fi magani

Allurar BCG a ke yi wa jinjiri da haihuwa. Ita ce mai barin ɗan tabo a hannu. Tana kare ƙananan yara daga mafi munin nau'in tarin fuka. Faransawa biyu, Calmette da Guérin, su ka haɗa ta, a ka fara yin ta a shekarar 1921. In jinjiri ya cika sati 6, da sati 10, da sati 14, ana yi masa alluran da ke kare shi daga tarin shiƙa da waɗansu ƙwayoyin ciwon huhu. Ta ƙyanda kuwa da wata 9 a ke fara ta.

Ban da allura, ga abin da kowane gida zai iya yi. A ba jinjiri nono zalla har wata 6, domin yaro mai tamowa ciwon huhu ya fi saurin kada shi. A yi dafuwa a fili ko a ɗaki mai taga, a nisantar da goyo daga murhu. A buɗe tagogin ɗaki da na aji, iska da rana su shiga. A yayyafa ruwa kafin a yi shara. A tafasa madarar shanu kafin a sha, don saniya ma tana kamuwa da irin nata tarin fuka. Mai tari ya rufe bakinsa da ƙyalle ko da gwiwar hannu, kada ya tofa kaki inda yara ke wasa. A wanke hannu da sabulu.

Abin riƙewa

Tari alama ce, a nemi abin da ya kawo shi. Ga ƙaramin yaro a ƙirga numfashi: 60, 50, 40. Ga kowa a ƙirga kwanaki: tari ya wuce sati 2, a gwada kaki. Maganin da likita ya ba da, a shanye shi har ƙarshe.

Ma'anar kalmomi

Kaki: majinar da ke fitowa daga ƙirji in an yi tari.
Birus: ƙwayar cuta ƙarama ƙwarai, irin mai kawo mura da ƙyanda.
Lotsawa: shigewa ciki, kamar gwangwanin da a ka danna.
Tamowa: ramar da rashin isasshen abinci mai gina jiki ke sa yaro.

Tambayoyi

1. Wace hanya iska ke bi daga hanci zuwa huhu?
2. Don me mashayin taba ke tari da safe?
3. Ta yaya tarin fuka ke yaɗuwa? Wa ya gano ƙwayarsa, a wace shekara?
4. Ku faɗi alamu huɗu da ke sa a kai yaro likita ko da dare ne.
5. Me ke faruwa ga wanda ya tsaida maganin tarin fuka kafin lokaci?
6. Yaya ɗalibar nan ta yi wa kakarta magana? Don me ba ta yi gardama da ita ba?

Aiki

1. Ga yara huɗu masu tari. Ku rubuta cikin kaye wanda numfashinsa ya yi sauri: ɗan sati 3, numfashi 52, ƴar wata 7, numfashi 55, ɗan shekara 2, numfashi 36, ƴar shekara 4, numfashi 44.
2. Ku zauna biyu-biyu. Kowa ya ƙirga numfashin abokinsa na minti ɗaya. Ku zagaya filin makaranta da gudu, ku sake ƙirgawa. Wane bambanci ku ka gani?
3. Ku zana maƙogwaro da huhu biyu, ku sa wa kowane sashe sunansa.
4. In kun koma gida, ku roƙi izini ku dubi katin awon ƙanenku ko ƙanwarku. Waɗanne allurai a ka yi? Wacce ta rage? Ku karanta wa iyayenku ranar da a ka rubuta musu su koma.